Yaya, kafin in aiko maka da taimar nan daga Bronx

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara da sauran mutanen gida. Saƙonka ya iso, na ga hoton kwayil ɗin ɗakin sanyinka, wato naɗaɗɗun bututun da ke sanyaya iska, yadda ƙanƙara ta toshe shi har iskar fanka ba ta ratsawa. Ka ce in saya maka taimar narkar da ƙanƙara ta Amurka, in ba wani mai tahowa gida ya riƙo maka. Kada ka ɗauka rowa ce, amma wadda muke ɗaurawa a nan ba za ta yi maka aikin da kake zato ba.

Wadda ta fi yawa a ɗakunan sanyi na nan ita ce Paragon, musamman mai lamba 8145. A unguwar Hunts Point ta nan Bronx, inda manyan kasuwannin nama da kayan lambu suke, inda kuma aka mayar da kasuwar kifi ta Fulton a 2005, da wuya ka yi yini kana aiki ba ka ci karo da irinta ba. Akwatin ƙarfe ne, ciki akwai faifai mai zagayawa sau ɗaya a awa 24. Kana ɗaura 'yan ƙusoshi a bakin faifan daidai lokutan da kake so, yawanci sau huɗu a yini. Da ƙusa ta iso sai taimar ta tsayar da sanyi, ta kashe fanka, ta kunna hita. Abin da ya sa nake sonta shi ne ba agogo kaɗai take bi wajen kashe hitar ba. Akwai ɗan sansa manne a jikin kwayil, da zarar ƙarfen ya yi ɗumi ya kai wajen maki 13 a ma'aunin Salshiyas sai ya ce mata ya isa. Mintocin da ka saita a ƙaramin faifan ciki na ko-ta-kwana ne, idan sansan ya mutu. 'Yar'uwarta 8045 ba ta da wannan, lokaci kawai ta sani, ko ƙanƙara ta narke tun tuni hita na nan tana gasa maka kifi.

To ina matsalar? Ƙaramin motan da ke juya faifan da bugun wutar lantarki yake ƙirga lokaci. Wutar Amurka 60Hz ce, wato bugu 60 a daƙiƙa, tamu ta Najeriya 50Hz. Ka ɗaura mai 60 a Kano, za ta juya, ba za ta ƙone ba in dai ta volt 208 zuwa 240 ce ba ta 120 ba, amma za ta riƙa jan ƙafa. Zagayen awa 24 zai ɗauke ta awa 28 da minti 48. Narkarwar da ka sa duk awa shida sai ta koma awa bakwai da minti 12, minti 30 na hita ya zama 36. Wadda ka saita ta faɗo da tsakar dare, cikin 'yan kwanaki za ka same ta tana faɗowa da hantsi, lokacin da 'yan sari suka cika ƙofa. Ka kuma gaya wa abokinka da ke shirin sayowa in ya je Umara, Saudiyya ma 60 suke.

Wannan ma in wuta ta zauna ke nan. A nan ɗaukewar wuta labari ne da ake sa wa a talabijin, shi ya sa taimar ke shekara da shekaru ba a taɓa ta ba. A wurinka duk sa'ar da aka ɗauke, faifan ya tsaya cak, in an yi awa biyar kafin a tayar da janareta ya yi lattin awa biyar. Janaretan kuma in gudunsa ya sauka ko ya hau, taimar ta bi shi. Wato rabin ingancin da ake yaba mata na layin wutar ne, shi kuwa ba ya shiga jaka.

Ta fuskar saye da sayarwa kam sun fi mu, ba gardama. Akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai kayan firji da na AC da na ɗumama ɗaki, irin su United Refrigeration da Johnstone Supply. Ka faɗi lambar kaya, a duba kwamfuta, a miƙo maka a kwali da takardar haɗa waya da rasit, in ta ba da matsala cikin garanti ka mayar. Gas ma ba sa sayar maka sai ka nuna shaidar EPA 608, wato takardar izinin aiki da gas ɗin firji. Masu gidajen abinci kuwa tsoro ke sa su kira mu da wuri, don jami'an lafiya na shigowa da ma'auni, abinci mai sanyi bai kamata ya wuce maki 41 na Faranhait ba, wato 5 a namu, kuma sakamakon binciken, A ko B ko C, a jikin taga ake manna shi kowa ya gani. Amma wajen hannu na fi yaba wa namu. Kuɗin aiki a nan ya fi kayan tsada, don haka ba mai buɗe taima ya goge kwantak ko ya canja mota, cirewa ake a jefa a shara. Mai gyaranka zai tayar da abin da mu muka yi wa jana'iza. Abin da ke cutarsa shi ne jabun kaya da rashin takarda.

Shawarata ka nemi na'urar saiti mai allo da aka yi don wutar Turai, volt 230 da 50Hz, irin su Dixell ko Eliwell ko Carel ko Danfoss, mai sansa biyu, ɗaya na ɗaki ɗaya na kwayil. Manyan dillalan kayan sanyi a Legas suna kawo su, ka ga ko ta lalace ba sai an jira matafiyi ba. Sai dai ka sa mai gyara ya kula da abu guda. Wasu daga cikinsu duk sa'ar da wuta ta dawo sai su fara ƙirga daga farko, in ana yawan ɗaukewa sai a wuni ba a cika awa shidan ba, narkarwa ba ta zo ba sam. Ko dai a sayi mai agogon gaske a ciki, ko a saita ta narkar da zarar an kunna. Kada kuma a ɗora mata hita kai tsaye, a bi ta kwantakta, wato makunnin da ke ɗaukar wuta mai nauyi, a sa mata abin kariya daga hawa da saukar wuta, don irin wannan ba ta da juriyar ta ƙarfe.

Saitin ma ba a yi sau ɗaya a manta. Da damina iska na ɗauke da laima, duk buɗe ƙofa ƙanƙara ce ke ƙaruwa, da hunturu kuwa iska a bushe take, kana iya rage yawan narkarwar ka huta da kuɗin dizal. A bar 'yan mintoci ruwa ya tsiyaye kafin sanyi ya dawo, fanka kuma ta ɗan jira kwayil ya yi sanyi, in ba haka ba ruwan za ta fesa wa katan-katan ɗinka.

Ni ma ban yarda taima ce kaɗai matsalarka ba. A hoton ƙanƙarar ta fi kauri a ƙasa wajen tiren ruwa, abin da ya fi kama da toshewar bututun fitar ruwa ko mutuwar hitarsa. Ka sa a duba wannan da robar bakin ƙofa tukuna, sannan ka turo min hoton lakabin da ke jikin injin da na hitocin in ga nauyin wutar da suke ja. A gaida Hajiya.