Asabar ɗin ƙarshen wata a Kigali

A watana na biyu a Kigali, babban birnin Ruwanda, aka ambaci gidan da nake haya a gaban mutum fiye da 50, aka ce wanda ke ciki ya miƙe. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

A Nyamirambo nake zaune, unguwar da Musulmi suke da yawa, a kan gangare, don garin nan daga tudu sai kwari. Ran Asabar ɗin ƙarshen wata na leƙo da safe, ba ɗan acaɓa ko ɗaya, kantuna a garƙame. Na ce ai na san wannan, tsaftar muhalli ce irin ta Kano, bari in koma in kwanta sai an buɗe hanya. Ban kai ga tura ƙofa ba wata dattijuwa maƙwabciyata ta miƙo mini fartanya. Ba ma jin harshen juna, amma na gane.

Umuganda suke kiransa, aikin gayya ne sak. Daga ƙarfe 8 zuwa 11, duk ɗan ƙasa mai lafiya daga shekara 18 zuwa 65 ya fito, doka ce tun 2007, wanda ya ƙi kuma akwai tara. Ranar mun yashe magudana, mun cike ramukan da ruwa ya yi a hanya. Ni duk wannan bai girgiza ni ba, na yi gayyar noma a ƙauyenmu tun ina yaro. Abin da ya biyo bayan aikin shi ne ya tsaya mini a rai.

Ana ajiye kayan aiki kowa ya nemi wuri ya zauna a ƙasa, da laka a ƙafarsa. Shugaban unguwar, wadda suke kira umudugudu, ya buɗe wani littafi. Wani saurayi ya matso kusa da ni yana yi mini tafinta. Sai wata mata ta tashi, goye da ɗa, ta ce ruwan wanki da wanke-wanke na wani gida yana gangarowa yana cin hanya, 'yarta ta zame a wurin ta fasa gwiwa. Ta nuna gidan. Nawa ne.

Na miƙe, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na shirya jin zagi, na kuma shirya ramawa, don haka na saba. Ba wanda ya ɗaga murya. Aka tambaye ni ko akwai ramin ruwa a gidan, na ce babu. Wani tsoho ya ce to wannan nauyin mai gida ne, ba na ɗan haya ba. Wani ya ce in an jira mai gida damina za ta cinye hanyar. Aka ɗan ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan mai gida ya sayi dutse da siminti, samari su haƙa, ni in ɗauki nauyin bututu. Aka rubuta suna da rana. Da wata ya zagayo, kafin a taɓa wata magana sai da aka karanto wannan, aka tambaya: an yi ko ba a yi ba?

Littafin nan shi ne abin da ba mu da shi, 'yan'uwa. Magana kam Allah ya hore mana. A majalisar ƙofar gida, a teburin mai shayi, bayan sallar isha'i, babu matsalar unguwa da ba mu feɗe ta har wutsiya. Amma wa aka ɗora wa? Zuwa yaushe? Sai a watse da "Allah ya kyauta". Kwalbatin layinmu shekara nawa tana toshewa da leda da robar fiya wata, ruwa ya shiga ɗakunan mutane, kowa ya san gidajen da ke zuba shara a ciki da daddare, amma ba mai iya faɗa a gaban mai unguwa saboda gobe za a haɗu a wurin suna. Mace mai goyo kuwa, ko a taron ma ba za a neme ta ba, alhali ita ke kwashe ruwan.

Kada wani ya ɗauka na zo aljanna. Takura a nan ta isa. Tun 2008 aka hana leda, har a filin jirgi ana karɓewa. Talla a bakin titi haramun ce, ba mai ƙosai a kan kwana, ba ƙamshin tsire da magariba. Wani lokacin ina tafiya a titi fes kamar an lashe, zuciyata na can Sabon Titi cikin ƙura da hayaniya. Kuma na lura bakin mutane yana buɗewa ne a kan magudana da fitila da yaran da suka bar makaranta. Da zance ya doshi manya na sama sai kowa ya kama bakinsa. Mu da muke kiran gidan rediyo mu wanke gwamna tas, wannan shirun yana yi mini nauyi, ba na kuma so a kai mana shi gida.

Jiya na kira ƙanena, na ce ya samu mai unguwa da liman kafin ruwa ya sauka, a tara mutanen layi, har da mata, a kan kwalbatin nan kaɗai. Ya ce, "Yaya, ka san halin mutanenmu, za a ce wani abu muke nema." Na ce ya je dai. Kuɗin shebur biyar da baro ɗaya na tura masa, na ce canjin ya sayi littafi mai bango mai ƙarfi.