Hotunan jikin kwale-kwale: kanbas ya fi, fleks asarar kuɗi ne

Wani shagon buga hoto da sa firam a Samaru, Zariya, yana sayar da hotunan jikin tsofaffin kwale-kwale, irin na masuntan kogin Galma. Babu ruwa a hotunan, babu masunci, ko siffar jirgin ba a gani. An matsa ne dab da katakon, aka yanko wurin da bai wuce taƙi biyu ba: shuɗin fenti ya ɓamɓare, ja na da ya leƙo daga ƙarƙashi, kwaltar da aka toshe tsaga da ita ta narke ta gangaro, ga facin gwangwani da tsatsar ƙusoshi ta zubo masa kamar hawaye. Daga nesa sai ka rantse aikin buroshi ne. A garin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, irin wannan ba zai rasa masu saye ba.

Ɗaukar ta yi kyau. Hasken ya zo ta gefe, na sassafe ko na bayan la'asar, shi ya sa kowace tsaga take da inuwarta. Da a ce da rana tsaka aka ɗauka, da kwaltar ta yi ƙyalli ta cinye komai. Sai dai a wasu hotunan gefen ya dushe, alamar kyamarar ba ta fuskanci katakon daidai ba, ga shi jikin jirgi dama a lanƙwashe yake.

Bugawar ce ake ciniki a kai. Iri uku suke yi. Na kanbas shi ne abin saye, domin saƙar yadin tana ƙara wa hoton kaushi, kuma ba ya buƙatar gilashi. Takarda marar sheƙi ita ma ba laifi, ta ma fi fito da ƙananan layukan katako. Amma fleks, wato robar da ake buga allon talla da ita, a bar shi: launin tsatsa yana komawa ruwan lemo, baƙin kwalta ya zama toka-toka. A tambayi irin tawadar kafin a biya, don ta rini tana saurin koɗewa a bangon da rana ke bugu, mai garin launi kuwa tana daɗewa.

Girma ma abin lura ne. A3, santimita 29.7 a 42, yana son kusan fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 3500 a 4960 idan a takarda ne. Hoton waya mai megafiksel 12 bai kai haka ba, amma kanbas yana rufa masa asiri, rabin wannan ma ya isa. Mai kawo nasa hoton ya kawo shi a filashi, ko ya tura ta WhatsApp a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi.

Firam ɗinsu ne ke da gyara. Suna manna takarda kai tsaye da gilashi, da damina laima za ta shiga ta liƙe su, fumfuna ta biyo baya. A ce su sa kwali mai kaurin milimita 2 a tsakani, su kuma rufe bayan da tef saboda ƙurar hunturu.