Fulogi sabo ko buɗaɗɗiyar filtar iska kafin ranar dyno?

Ɗan'uwa, tunda kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi fulogi, ka bar filtar.

A kan dyno, wato na'urar auna ƙarfin injin mota, mota ɗaure take da bel, tayoyinta na juya nadi, a taka totur har ƙasa tun daga wajen 2,000 rpm (juyin inji a minti ɗaya) har allura ta taɓa ja. Ba ta taɓa shan irin wannan wahalar a titi ba, kuma a nan ne tsohon fulogi ke tona asirin mai shi. Tawa BMW E46 330i ce, injin M54, wadda kamfani ya rubuta mata ƙarfin doki 231. A cikin gari lafiya lau take tafiya, amma da ta wuce 5,000 sai ta fara sarƙewa. Na sa makanikena ya cire fulogan, muka tarar bakinsu ya cinye, biyu sun yi baƙi ƙirin. Muka sa fulogin NGK BKR6EQUP guda shida, irin wanda ta fito da shi daga kamfani, muka canza kwayil ɗaya, abin da ke ba fulogi wuta. Da aka ɗora ta a kan dyno, layin ƙarfin injin da ke kan kwamfuta ya hau sumul babu tsalle har 6,500. Kada dai ka sa ran ganin 231 ɗin a taya, giya da shaf suna cin rabonsu.

Filtar kuwa na taɓa sawa, ƙara kawai ta ƙara. Iskar cikin bonet take zuƙa, ga mota a tsaye sai fanka ɗaya a gabanta. Iska mai zafi ba ta da nauyi, kwamfutar injin kuma sai ta rage wuta. In filtar irin wadda ake shafa wa mai ce, takan ɓata sensar iska.

Amma ka yi hattara da masu shaguna, jabun NGK ya cika kasuwa. Kwalin kamar na gaske, sai ka duba rubutun jikin farin ɓangaren fulogin ka ga ya dushe, zoben ƙarfen gindin (washa) kuma tana zamewa ta faɗi. Duk wanda ya rantse maka cewa asali ne alhali kuɗinsa rabi, ka ajiye masa kayansa.

Abin da ya saura ka sayi baƙin mai, ka daidaita iskar taya, ka duba lagireto. Motar da ke yoyo masu dyno ba za su ɗora ta ba.