Sharhi Kan Wata Manhajar Kacici-kacici Bayan Wata Guda

Wata guda ke nan da na sauke wata manhajar kacici-kacici a wayata, kuma kusan kullum bayan sallar isha'i nakan amsa tambayoyi ashirin kafin in kwanta. Abin da ya riƙe ni a kanta shi ne gajeren bayanin da take kawowa bayan kowace amsa, ko mutum ya ci ko ya faɗi.

Sashen dabbobi masu jan ciki ya fi sauran inganci. A can na fara sanin cewa zafin ramin da kada ta binne ƙwanta shi ke tantance ko 'ya'yan za su fito maza ko mata, da kuma cewa hawainiya ta fi sauya launi domin aika saƙo ga 'yan'uwanta da daidaita zafin jikinta, ba domin ɓuya kaɗai ba kamar yadda muka tashi muna ji.

A yaƙe-yaƙen Girkawa na dā ne muka sami saɓani da ita. Ta tambayi yawan waɗanda suka tare rundunar Farisa a mashigar Tamofili a shekarar 480 kafin haihuwar Annabi Isa, sai ta karɓi 300 a matsayin amsa, alhali wannan adadin mayaƙan Sparta ne kawai da ke ƙarƙashin Sarki Leonidas. Da farko Girkawa dubbai ne suka tsaya a wurin, kuma mutanen garin Tesfiya na Girka kusan 700 sun ƙi janyewa, suka tsaya tare da shi har ƙarshe. Manhajar ba ta ko ambace su ba.

Giɓin da ke cikin tarihin ilimin taurari ya fi damuna. Ta yi kyakkyawan bayani kan yadda Eratostanis, wani masanin Girka na dā, ya ƙiyasta kewayen duniya ta hanyar gwada inuwa a Iskandariyya da Aswan, amma daga nan sai ta tsallaka zuwa Kofanikus, masanin da ya wallafa a 1543 cewa duniya ce ke kewaya rana, da Galileo, wanda ya hango watanni huɗu da ke kewaya duniyar Mushtari a 1610, kamar ba a ɗaga kai sama ba a tsakani. Ban ci karo da tambaya ko ɗaya ba kan Al-Battani, masanin taurari Musulmi wanda ya yi bincikensa a garin Raƙƙa na Siriya a wannan tsakanin, kuma shi kansa Kofanikus ya kafa hujja da lissafinsa.

Tallace-tallace sun yi yawa, kuma suna cin data. Zan ci gaba da amfani da ita saboda sashen dabbobi, amma ɗalibin da ke shirin gasa ya riƙa tabbatar da amsoshin tarihinta a littafi kafin ya haddace su.