Aparey na ƙarfe ko na roba: amsar tambayar Hajiya

Salamu alaikum 'yan uwa. Hajiya jiya kin yi tambaya a kan yaronki ɗan shekara 11 da haƙoransa na sama suka turo waje, kin ce dantis, wato likitan haƙori, ya lissafa miki aparey iri biyu, wato abin da ake sawa a baki don gyara jerin haƙora, na ƙarfe da ake mannawa da na roba garai-garai da ake cirewa, wai wanne ya fi. Ni dai ba likita ba ce, amma 'yata ta yi kusan shekara 2 da ƙarfe a baki, ɗan yayata kuma na robar aka sa masa, toh duka biyun na gani da idona.

Aikinsu ɗaya ne, tura haƙori suke a hankali, ƙashin da ke riƙe da saiwar yana narkewa ta gefen da ake turawa yana sake ginuwa ta baya, shi ya sa abin ba ya son gaggawa, yawanci wata 18 zuwa 24 ne, wani ma ya kai shekara 3. Na ƙarfe ƙananan maɓallai ne ake liƙa wa kowane haƙori a ratsa waya a ciki, likita yana ɗaurewa duk bayan sati 4 zuwa 8. Na roba kuwa awon bakin yaro ake ɗauka a ƙera masa jerin murafai, kowanne ya yi sati 1 ko 2 sai a canza na gaba, wanda ya fi suna shi ne Invisalign na wani kamfanin Amurka.

Inda suka rabu shi ne wa ke riƙe da aikin. Ƙarfe yana baki dare da rana ko yaro ya so ko bai so ba. Roba sai an sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, kinga ke nan ci da goge baki kawai ake cirewa, kuma wannan amanar a hannun yaro take. Ɗan yayata wlh mun sha fama, a lekol, wato makaranta, zai cire don ya ci makala ya naɗe a takarda ya cusa aljihu, har a tashi bai mayar ba, ɗaya a wajen wanki aka tsinto ta, wata kuma ya ajiye bakin taga a zafin Garwa na watan Afrilu, da la'asar ta lanƙwashe ta ƙi shiga baki. Uwarsa ta biya kuɗi mai yawa amma haƙoran suna tsaye inda suke saboda abin yana aljihu.

Wajen ci kam roba ta fi daɗi, ka cire ka ci abin da kake so, illa dai ba a shan shayi ko folere da ita a baki, tana rinewa kuma sukari yana kwanciya a ƙarƙashi. Mai ƙarfe sai haƙuri, rake da goruba da aya da ƙuli-ƙuli da gasasshiyar masara da cingam duk ya yi sallama da su, kilishi ma sai an yayyaga masa ƙanana. 'Yata ta saci hanya ta gatsi goruba, maɓalli ɗaya ya ɓalle waya ta dinga sukar kumatunta kwana uku kafin mu samu randebu.

Sai tsabta, nan ne ƙarfe yake da wahala gsky. Abinci yana maƙalewa ko'ina, aswaki kaɗai ba ya isa, sai buroshi da man goge baki mai fuloraid safe da dare da bayan cin abinci, da wani ɗan siririn buroshi da ke shiga ƙarƙashin waya. In an yi sakaci ranar da aka cire za ki ga fari-farin tabo zagaye da inda maɓallan suka zauna, dasashi kuma ya kumbura yana jini. In haƙori yana da kogo sai an cike shi tukuna kafin a sa kowanne.

Ciwo duka suna yi, kwana 3 zuwa 5 na farko da duk lokacin da aka ɗaure, kunu da fate da parasitamol sun isa. Ƙarfe yana goge leɓe a farko, akwai ɗan kakin da ake bayarwa a liƙa a wurin.

Kuɗi, roba ta fi tsada yawanci. Amma mu nan arewacin Kamaru kuɗin hanya ma lissafi ne, don ƙwararrun da suka karanci gyaran jerin haƙora yawancinsu suna Yawunde da Duwala, ba kowane dantis ba ne yake wannan aikin. Ki lissafa mota zuwa Ngaundare, jirgin ƙasa na dare, masauki, yaro ya rasa lekol, sau nawa a shekara. A nan roba tana da ɗan sauƙi tunda ana iya ba ku murafai da yawa ku taho da su, sai dai in ɗaya ta ɓata jiran sabuwa ma aiki ne. Kuma in haƙoran sun cunkushe sosai, ko fiƙa ta maƙale a sama, ko sai an cire wani haƙori don a samu fili, ƙarfe ya fi iya wannan.

Naki ɗan shekara 11 ne, ƙila bai gama famfara ba, haƙoran manya sukan kammala wajen 12 zuwa 13 ban da na hankali. Ki sa a yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, na baki gaba ɗaya, don wani lokaci matsalar ta muƙamuƙi ce, na ƙasa ne ya ja baya, kuma wannan akwai aparey nasa daban da ya fi aiki yanzu da yaro yake kan girma. Kar ki ja lokaci, haƙorin da ya turo shi ne ke saurin karyewa in an faɗi wajen ƙwallo. Masu ƙananan yara ku kai su a duba tun shekara 7, ko da ba za a sa komai ba, balle mai tsotson yatsa. Wushiryar da ke fitowa a shekara 8 ko 9 kuwa sau da yawa da kanta take rufewa in fiƙoƙi sun fito, dan Allah kar wanda ya ɗaura wa yaro roba ko zare don ya haɗe ta, tana zamewa cikin dasashi har haƙori ya fita. Haka ƙarfen gayu da ake tallarsa a Facebook, ku nisance shi.

In ni ce ke Hajiya, ƙarfe zan sa masa, sai in kin tabbata yaron mai kula da kayansa ne. Kafin ki ba da ko sefa ɗaya ki tambayi likita ko kuɗin ya haɗa da gyaran maɓallin da ya ɓalle da kuma abin riƙewa da ake sawa bayan an cire, wanda suke ce wa kontansiyo, don in babu shi haƙoran komawa suke. 'Yata shekara guda ke nan da cirewa, har yanzu kowane dare sai na leƙa ɗakinsu na ce ta buɗe baki in ga ko ta sa shi.