Hattara da masu sayar da "takardar mallakar ƙirƙira ta duk duniya"

Jama'a, musamman maƙera da masu walda da ɗaliban injiniya, a kula.

Ƙanin matata mai walda ne. Ya shekara biyu yana ɓarnar ƙarfe kafin ya haɗa wani ɗan injin ɓarar gyaɗa da ba ya farfasa ƙwaya. Murna ta sa ya ɗora bidiyonsa a Facebook. Ba a yi kwana uku ba wani ya faɗo masa ta WhatsApp, wai wakilin wani kamfani ne a Turai. Ya zuba masa yabo, sannan ya tsorata shi cewa 'yan Sin za su kwaikwayi injin kafin kaka, sai fa in ya yi rajistar "duk duniya" nan take. Yaro ya sayar da babur ɗinsa ya tura kuɗi. Aka aiko masa da hoton takarda mai tambarin ruwan zinare da taswirar duniya, sunan mahaifinsa ma ba a rubuta daidai ba. Sai da suka nemi kuɗi na biyu, wai na fassara, ya zo ya same ni: "Yaya, don Allah duba min wannan."

Babu wata takardar mallakar ƙirƙira (wato takardar hukuma da ke hana wasu kwaikwayon abin da ka ƙirƙira) da ta game duniya. Duk wanda ya ce zai sayar maka da ita ɗan damfara ne. Kowace ƙasa, ko ƙungiyar ƙasashe, ita ke ba da tata, da kuɗinta da lauyanta, da kuɗin sabuntawa har wa'adin shekara 20 ya cika. Abin da suke fakewa da shi wata yarjejeniya ce ta 1970 mai suna PCT, wadda WIPO, hukumar mallakar fasaha ta duniya da ke Janeba, take kula da ita, Najeriya ta shige ta a 2005. Ita ma ba ta ba ka mallaka. Buƙata ɗaya kake shigarwa, ta saya maka lokaci, kimanin wata 30, ka zaɓi ƙasashen da za ka bi ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne kuɗi ke zuba kamar ruwa.

Ni dai tambayar da na yi masa ita ce: a ina za ka sayar da injin nan? Kano, Maraɗi, wataƙila Tamale ta Gana. To me ya kai ka biyan kuɗin Jamus da Japan? Rajistar Najeriya a Abuja take, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci, NOTAP, hukumar gwamnati mai haɓaka fasaha, ita ma tana taimaka wa masu ƙirƙira su shigar da tasu. Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin OAPI, ƙungiyar rajistar ƙirƙira ta wasu ƙasashen Afirka mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta ishi ƙasashe 17. Gana kuwa tana ARIPO, wata ƙungiyar irin wannan da ke Harare. Bayan ka shigar a gida kana da wata 12 ka nemi ta waje ba tare da ka rasa layinka ba.

Wanda ya bi hanyar gaskiya ma bai tsira ba. Da zarar an wallafa buƙatarka, akwai masu kwashe adireshinka su aiko da takardar neman kuɗi mai kama da ta WIPO sak. Hukumar kanta ta sha yin gargaɗi a kan wannan.

Abin da ya fi ci min rai bidiyon nan ne. Sharaɗin farko na samun takardar mallaka shi ne abu ya zama sabo, ba a riga an bayyana shi ga jama'a ba, shi kuwa har cikin injin ya haska wa duniya kafin ya shigar da komai. Da muka nemi lambar rajista mu bincika, mutumin ya toshe mu a daren.