Gargaɗi: a yi hattara da masu sayar da "maganin zamewar giya" da giyabos ɗin kwaskwarima a Kaduna

Masu tifa, tirela da Hilux otomatik, ku buɗe ido. Akwai masu zagaya gareji-gareji da wuraren kwanan manyan motoci irin su Marabar Jos da Tafa, wasu kuma suna tallar hajarsu a Facebook da WhatsApp, da wata kwalba da suke cewa tana tsayar da zamewar giya, wato giya ta kasa kamawa sosai, ba sai an sauke giyabos ba. In kwalbar ta gaza, su ne dai za su kawo maka giyabos "ɗan Beljiyam", kuɗi a gaba, garanti kwana uku.

Sau da yawa abin da ke cikin kwalbar mai ne mai kauri da aka gauraya da man birki. Man birki yana kumbura robobin sil masu hana mai yoyo, sai matsin mai ya ɗan ɗaga, giya ta kama kamar an gyara. Bayan 'yan kwanaki robobin su yi laushi su yage, giya ta lalace fiye da yadda take a da, lokacin kuwa mai kwalba ya kashe waya. Wasu har kwamfuta suke jonawa su goge lambar matsala don fitilar gargaɗi ta mutu a gabanka.

Abin takaici ma, har masu DAF, MAN da Volvo ake sayar wa wannan ruwan, alhali irin giyar otomatik ɗin waɗannan motoci, ZF AS Tronic da I-Shift, giyar hannu ce da kwamfuta ke canzawa, kulocinta busasshe ne, mai ba ya taɓa shi. In irin wannan tana zamewa, a duba faifan kuloci da na'urar da ke tura shi da matsin iska. Babu ruwan da zai gyara su.

Ga mai otomatik ta ainihi, mai konbata (na'urar da ke haɗa inji da giya ta hanyar mai), kamar giyar kamfanin Allison ko ta Hilux, zamewa ita ce ka taka totur inji ya yi ihu mota ba ta ƙara gudu ba, ko ka sa D ko ribas ta yi jinkiri kafin ta kama. Kafin ka biya ko sisi, a fara da duba man giya: mota a wuri madaidaici, inji na aiki, giya ta yi zafi. Ƙarancin mai kaɗai yana kawo zamewa, yawansa ma haka, don kumfa yake yi. Mai lafiyayye garau yake, ba ya ƙauri. In ya yi baƙi yana ƙauri, faifan kuloci sun ƙone. In ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga ta kula, wato na'urar sanyaya man giya, kuma ruwa yana ɓare fatar faifan. Sai a kwance kwanon ƙasa a duba filta da maganaɗisu. Laushin toka kaɗan ba komai ba ne, ɓarɓashin ƙarfe ko baƙin gutsattsari kuwa aiki ne na ciki. A karanta lambobin matsala da kwamfuta a rubuta kafin kowa ya goge: P0730 giya ba ta dace da gudu ba, P0741 kulocin konbata, P0218 zafi ya wuce kima. Daga nan a auna matsin mai da geji, shi zai raba tsakanin famfo mai rauni da solonoyid ko bawul, masu buɗe hanyar mai da rufe ta, da ya maƙale.

Ɗan Beljiyam nasu kuwa yawanci giyabos ne da ya mutu a nan gida, aka wanke da fetur aka fesa fenti. Dubi kawunan kusoshi ko sufana ya ci su, dubi gam a bakin gasket, da farantin lamba ko an sake buga shi. Ka nemi a buɗe kwanon a gabanka, wanda ya ƙi ka bar masa kayansa. Je ka da bakanikenka shagon da ke da mazauni, a Panteka ko wani wuri, a ba ka rasit da garanti a rubuce, a gwada motar da lodi a hawa kafin ka cika kuɗi.

Ko giyabos mai kyau ka samu, in ba a wanke ko canza kula da bututunta ba, dattin tsohon zai kashe sabon, mai kaya kuma ya ɗora wa direba laifi.

Zafi ne babban makashin giya. Tana son wajen digiri 80 zuwa 95, in ta haura 120 mai ya fara lalacewa da sauri, don haka mai ɗaukar kaya a zafin bazara ya ƙara wata kular sanyaya mai a gaban lagireto, ya riƙa sauko da giya a hawa. A zuba man da kamfani ya rubuta, TES 295 ga Allison, WS ko T-IV ga Toyota gwargwadon shekarar mota, kuma a duba hatimin galan, don ana ɗura man haidirolik mai jan kala a tsohon galan. Kada a sa ribas mota na tafiya, kada kuma a ja ta mai nisa ba a kwance farfela, sandar da ke kai ƙarfin giya ga tayoyi, ba.